Yini guda a kwarin Arroyo Seco, wajen bikin tsofaffin makaɗan sintesaiza

Ranar Asabar 11 ga Mayu 2024 aka yi bikin Cruel World a Pasadena da ke jihar Kalifoniya, kuma dominsa na yi tattaki. Kamfanin Goldenvoice, masu shirya babban bikin kiɗa na Coachella, su suka fara gudanar da shi a 2022. A yini ɗaya yake tara ƙungiyoyin da suka yi tashe daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980, masu salon new wave da synthpop, wato kiɗan da na'urar sintesaiza da injin ganga ke jan ragamarsa. A waccan shekarar akwai Duran Duran, Blondie, Simple Minds, Soft Cell, Gary Numan, Heaven 17, Adam Ant da wasu da dama, an rarraba su a dandamali uku.

Daga filin jirgin saman Los Anjeles na hau bas ɗin FlyAway zuwa Union Station. A nan ake sayen katin TAP a zuba masa kuɗi, a hau jirgin ƙasa na layin A mai nufar arewa. Kuɗin shiga dala 1.75 ne, kuma cikin minti 25 ko ƙasa da haka mutum ya sauka a tashar Memorial Park, tsakiyar tsohuwar Pasadena. Daga nan ko dai a bi motocin da ke jigilar jama'a zuwa Rose Bowl, ko a taka da ƙafa, tafiyar kilomita biyu da ɗoriya. Na taka, domin gangara ce, kuma daga hanya ana hango gadar Colorado Street da aka gina a 1913. Sai dai gangarar safe ita ce hawan dare, bayan mutum ya yi awa goma a tsaye.

Duk wanda ya kalli kofin duniya na 1994 ya san Rose Bowl. Nan Roberto Baggio, wanda ya zura wa Najeriya ƙwallo biyu ya fitar da ita, ya ɗaga fanareti sama a wasan ƙarshe da Burazil. Amma bikin ba a cikin filin ƙwallon ake yinsa ba. A filin golf na Brookside da ke arewa da shi, cikin kwarin Arroyo Seco, ake kafa dandamalin, a kan ciyawa, tsaunukan San Gabriel na bayansu.

A bakin ƙofa ake fara asara in ba a shirya ba. Tikitin yana cikin manhajar waya, lambarsa kuma tana sauyawa lokaci zuwa lokaci, don haka hoton allo ba ya aiki. Inda dubban mutane suka taru, intanet ɗin waya kan yi nauyi, shi ya sa na buɗe tikitina tun ina cikin jirgi. Na riƙe ƙaramin batirin caji, da gorar roba babu ruwa a ciki, tunda akwai famfunan cikawa kyauta a filin. Da kati ake ciniki a rumfuna. Inuwa kaɗan ce, sai 'yan bishiyoyin da ke gefe, don haka hula mai faɗi da man kare fata daga rana dole ne. Ga mai salla, ciyawa na da tsabta can nesa da rumfunan sha, rana kuma tana faɗuwa wajen takwas saura kwata a tsakiyar Mayu, daidai lokacin da manyan ƙungiyoyi ke hawa, to sai a tsara tun da wuri. Wajen abinci a tambaya kafin a saya, domin naman alade yana shiga abubuwa da yawa.

Abin da ya fi komai yanke hukunci a kan daɗin yinin shi ne inda mutum ya tsaya. Da yawa suna kutsawa gaba har jikin shingen ƙarfe don ganin fuskar mawaƙi, alhali a nan ne sauti ya fi muni. Manyan lasifikun da ke fitar da amon ƙasa a jere suke a gindin dandamali, suna dukan ƙirji, su kuwa waɗanda aka rataye a sama, masu ɗauke da murya da zaƙin sintesaiza, sun saita can bayanka. Ni wurin da nake nema shi ne rumfar injiniyan sauti, wadda ke tsakiyar taro kamar mita 30 zuwa 40 daga dandamali. Abin da kunnensa ya ji shi yake gyarawa, saboda haka duk wanda ya tsaya gabansa kaɗan ko gefensa yana jin kiɗan kamar yadda aka nufa.

Can baya kuma akwai wasu lasifikun a kan hasumiyar ƙarfe. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa guda, ke nan wanda ke mita 100 daga dandamali yana jin bugun ganga kusan sulusin daƙiƙa bayan ya ga sanda ta sauka. Don kada sautin hasumiya ya riga na dandamali isowa, injiniya yana jinkirta shi da kusan kashi uku cikin dubu na daƙiƙa a kan kowace mita. Idan ka tsaya gaban hasumiyar, sautukan biyu sun haɗu sun zama ɗaya. Idan ka tsaya bayanta ko can gefe, sai ka ji kowane bugu sau biyu. Wannan ya fi cutar da synthpop a kan sauran kiɗa, domin an gina shi ne a kan gajerun sautuka masu maimaituwa da sauri, da zarar sun hau juna sai komai ya dagule. Iska ma tana da nata: idan ta kaɗa daga gefe, siraran sautuka take fara kwashewa, ka ji murya na zuwa tana komawa.

Toshen kunne ba zaɓi ba ne. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har a kai desibel 100 inda minti 15 kawai ya rage. Kusa da dandamali ana kai wannan matakin. Na soso yana kare kunne amma yana dushe zaƙin kiɗa. Mai 'yar matata a ciki, wanda ke rage desibel 15 zuwa 20 daidai wa daida, shi na sa tun daga ƙungiyar farko.

Gary Numan ya kawo kundinsa na 1979, The Pleasure Principle, kuma saboda shi na fi ƙagara. Kundin ba shi da jita mai jan gaba, sintesaizar Moog ce ke cika wurin, amma gangar ta hannu ce, ba ta inji ba. A fili aka ga amfanin hakan: dogayen sautukan sintesaiza suna shimfiɗe, ganga mai rai tana huda su, ko na baya-bayan taro yana kama zaren. Heaven 17 kuwa, waɗanda Martyn Ware da Ian Craig Marsh suka kafa a Sheffield a 1980 bayan sun bar Human League, sun fi dogara ga injin ganga da muryar Glenn Gregory, don haka su ne irin ƙungiyar da wurin tsayuwa ke iya gyarawa ko ɓatawa gaba ɗaya.

Wanda ya zo da tsammanin ganin tsofaffin na'urori jere a dandamali zai ga kaɗan ne, kuma da dalili. Sintesaizar wancan zamani, irin su Minimoog da Jupiter-8 ta kamfanin Roland, da wutar lantarki kai tsaye take haɗa sautinta, zafi kuma yana karkatar da shi. Takan buƙaci minti 15 zuwa 20 a kunne kafin muryarta ta zauna, idan rana ta doki baƙar fuskarta kuma sai ta zame daga ma'auni a tsakiyar waƙa. Ga tsada, ga wuyar kayan gyara. Shi ya sa yawancin ƙungiyoyi suka naɗi sautin tsofaffin na'urorinsu suka zuba a kwamfuta, suna kaɗa shi da sabon madanni ta hanyar MIDI, tsarin haɗa na'urorin kiɗa da ya fito a 1983. Sassan da hannu ba zai iya ba suna tafiya daga kwamfuta, mai ganga kuma yana jin ƙaramin ƙyas-ƙyas a kunnensa yana bin sa. Kwamfuta biyu ake kunnawa tare, idan ɗaya ta tsaya wata 'yar na'ura ta juya kan ɗayar. Wasu na ganin wannan ha'inci ne. Ni ban ga haka ba, domin tun asali da injin jera sauti aka rubuta waƙoƙin nan, aikin ɗan'adam shi ne murya da abin da ya ɗora a kai.

Tsakanin ƙungiya da ƙungiya kuwa ɗan lokaci kaɗan ake da shi. Gangunan kowa an riga an ɗaure su a kan katako mai taya, a turo wannan a janye wancan, a gwada kowace waya a ga tana kawo sauti, shi ke nan. Babu cikakken gwaji. Don haka waƙar farko kusan kullum a hargitse take fita, injiniya yana lalube, sai a ta biyu ko ta uku abin ya daidaita. Kada a yanke wa ƙungiya hukunci da waƙar farko a tafi wani dandamalin. Tsallakawa daga wannan zuwa wancan cikin cunkoso kan ci minti goma, kuma mai son ganin kowa rabi-rabi yakan ƙare da jin mafi munin ɓangaren kowa. Na zaɓi waɗanda zan gani tun daga farko har ƙarshe, na haƙura da sauran.

Muryoyi sun manyanta, kuma ƙwararru ba sa ɓoye hakan. Akan sauke waƙa da rabin mataki ko mataki guda, mawaƙan amshi su ɗauki wuraren da suka yi sama. Debbie Harry ta Blondie tana da shekara 78 a ranar, ta san inda za ta ja da inda za ta bar wa taro. Simple Minds, da Jim Kerr da Charlie Burchill suke jagoranta tun daga Glasgow a 1977, sun saba da manyan filaye, kiɗansu mai faɗi ne, fili bai rage musu komai ba.

Da rana ta faɗi kwarin ya yi sanyi da sauri, rigar da ta zama kaya da rana ta yi amfani. Sanyin yana sauya sauti ma: iskar ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sauti ya lanƙwaso ƙasa ya yi nisa, amon wani dandamalin ya riƙa kutsowa. A lokacin gara a matsa gaba kaɗan. Duran Duran, 'yan Birmingham da suka fara a 1978, su suka rufe babban dandamali, kuma sai da duhu fitilu da majigin bayansu suka yi aikin da aka ƙera su dominsa.

Sama ta yi mana lafiya a 2024, amma a 2023 walƙiya ta sa hukuma ta kwashe jama'a daga filin ana tsakiyar wasan Iggy Pop, sai washegari aka dawo da shi da mawaƙiya Siouxsie. Fili ne buɗaɗɗe mai dogayen ƙarafa, ba a wasa da shi. Idan tsakanin walƙiya da tsawa daƙiƙa uku ne, nisanta kilomita ɗaya ke nan. Saboda haka mai zuwa daga nesa kada ya sayi tikitin jirgin komawa na safiyar Lahadi, ya bar wa kansa yini guda.

An tashi wajen sha ɗaya na dare. Motocin haya na manhaja suna tsada a wannan sa'ar, kuma hanyoyin fita daga kwarin ƙalilan ne, sai su cushe. Na bi layin motocin jigila zuwa tsohuwar Pasadena, na kama jirgin layin A. A duba lokacin jirgin ƙarshe tun da safe a rubuta a takarda, domin zuwa dare wayoyi da yawa sun mutu.