Firijin yana nuna 4, kirim ɗin yana 11

Duk mai gidan burodin da ke sayar da kek mai kirim, ko wani abu da ake ɗura wa kastad a ciki, ina roƙonsa yau ɗin nan ya soka ma'aunin zafi cikin kayan da ke firijinsa. Cikin kayan nake nufi, ba kallon lambar da ke haske a goshin firijin ba. Wannan lambar ce ta ja mini asarar kayan yini guda cur, har da odar da na riga na karɓi kuɗinta, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Mun san za a zo duba mu, don lokacin sabunta takardar izini ya gabato. Muka yi abin da kowa ke yi: wanki, goge-goge, kankare baƙin da ya daskare a tirori, janye injin kwaɓi a wanke bayansa. Wanda ke cikin sana'ar ya san wannan hidimar. Jami'ar duba-gari ta iso da hantsi. Kafin ta taɓa komai ta nufi wurin wankin hannunmu ta wanke nata, wanda daga baya na gane gwaji ne, tana duba ko akwai ruwa da sabulu da abin tsane hannu. Ta haska tocila ƙarƙashin teburin kwaɓi da bayan buhunan fulawa, ta leƙa sito, ta wuce. Hankalina ya kwanta. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

Da ta zo gaban firijin gilashin da muke jera kek, ko kallon lambar ba ta yi ba. Ta ciro ma'auni mai tsinken ƙarfe daga aljihu, ta goge tsinken da ƴar auduga mai sinadari, ta ce a ba ta guda ɗaya cikin masu kirim. Ta soka har tsakiya. Ina tsaye kusa da kafaɗarta ina kallon lambar tana sauka: 20, 16, 13, sai ta tsaya a digiri 11 na ma'aunin Celsius. Muka jira. Ba ta ƙara motsi ba. Ta ɗauki wani daga can ciki, ya ba da 9. Sannan ta buɗe babban firijin baya, ta jawo robar kastad mai zurfi da aka dafa tun dare, ta soka a tsakiya: 14.

"Malam, tun yaushe waɗannan suke ciki?"

"Tun daren jiya, ranki ya daɗe. Ga shi kuwa firijin yana kan 4."

"Firijin ne yake kan 4," in ji ta. "Ni abin da mutane za su ci nake aunawa."

Ta nemi littafin da muke rubuta sanyin firiji. Na miƙa mata da ƙwarin gwiwa, don ba a taɓa tsallake rana ba, safe da yamma. Ta buɗe shafi, ta buɗe na gaba, ta koma baya. Ko'ina 4. Yaron da ke cikawa ba maƙaryaci ba ne, abin da ya gani a goshin firiji shi yake kwafa. Ta ce firijin da ake buɗewa ana rufewa duk yini, ana sa kaya ana kwashewa, ba ya zama a lamba ɗaya; yau ka ga 3, anjima 5, in yana narkar da ƙanƙararsa ma ya ɗan haura. Littafin da ya cika da lamba ɗaya, a wurinsu shaida ce cewa ba a aunawa. Littafin da nake taƙama da shi, shi ya ƙara tona mu.

Na roƙe ta a bar ni in sake tafasa kastad ɗin, tunda wuta tana kashe komai. Ta ƙi, kuma bayanin da ta yi shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Akwai wata ƙwayar cuta, Staphylococcus aureus, da ke zaune a hanci ko fatar kusan mutum ɗaya cikin huɗu ba tare da ta dame su ba. Hannu ya taɓa hanci, ya taɓa cokali ko jakar matsa kirim, ta shiga. In ta samu madara da ƙwai da ɗumi na wasu awoyi, sai ta hayayyafa ta zuba guba. Tafasa tana kashe ƙwayar, amma gubar tana nan daram. Wanda ya ci, tsakanin minti 30 zuwa awa 8 amai da murɗar ciki za su kama shi. Kuma kastad ɗin ba ya canza launi, ba ya wari, ɗanɗanonsa lafiya lau. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A nan ido bai san komai ba, hanci ma haka.

Tana tsaye muka juye komai a shara, ta rubuta. Kek ɗin da aka kwana ana yi wa ado, robar kastad, kirim ɗin da aka buga. Ta hana mu sayar da duk wani abu mai buƙatar sanyi sai ta dawo ta ga an gyara. Burodi da busassun kaya ta ce mu ci gaba. Na kira mai odar na ba shi haƙuri na mayar masa da kuɗinsa, kuma bai sake dawowa ba. Wannan ya fi asarar kayan ciwo.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, ba a daɗe ba da mai gyaran firiji ya zo ya duba injinan nan biyu. Ya ɗora hannu, ya saurari ƙarar inji, ya ce gas ya isa, ya nuna mini lambar nan ta 4, ya karɓi kuɗinsa. Da muka kira wani bayan abin ya faru, cikin ɗan lokaci ya nuna mini abin da na farkon ya tsallake. Ɗan abin da ke auna sanyi yana maƙale ne dab da fankar da iskar sanyi ke fitowa, wato wuri mafi sanyi a duk firijin, don haka lambar ba ƙarya take ba, zafin wannan lungun kawai take faɗa. Robar ƙofa ta yage daga ƙasa inda ba mai sunkuyawa ya gani. Ya sa takarda ya rufe ƙofar a kanta, ya ja, ta zare ba ko turjiya. Ya cire murfin ƙasa ya nuna mini kwandensa, ragar da ke fitar da zafi, ta toshe da ƙurar fulawa da maiƙo har ta yi kauri kamar bargo. A gidan burodi wannan ba ya ɗaukar lokaci, don garin fulawa yana yawo a iska kullum, fankar kuma tana zuƙo shi. Ga shi firijin baya yana jingine da bangon da tanderu ke ɗaya gefensa. Mutumin da aka biya don ya duba inji bai ko cire murfi ba.

Maganar robar kastad kuwa daban ce, don ko firiji lafiyayye ba zai cece ta ba. Kastad mai kauri a mazubi mai zurfi yana riƙe zafi a tsakiya awoyi da yawa, gefe ya yi sanyi, ciki yana ɗumi. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke bunƙasa, kuma in yanayi ya yi musu daɗi wasunsu suna ninkuwa duk minti 20. Ƙa'idar da hukumar abinci ta Amurka ta shimfiɗa ita ce a sauko da dafaffen abu daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa 2, sannan zuwa 5 cikin ƙarin awa 4. Robarmu ta kwana ba ta kai ko kusa ba, kuma zafin da ta shiga da shi ya ɗumama duk abin da ke kewaye da ita. Yanzu da an sauke kastad, sai a baza shi a faranti mai faɗi, kaurin bai wuce yatsu biyu ba, a ɗora farantin kan ƙanƙara ana juyawa, a manna leda a fuskarsa, a rubuta lokaci a jiki, sannan ya shiga firiji. Mun kuma rage yawan da muke dafawa a tashi ɗaya. Aiki ya ƙaru, masu aikin dare sun yi gunaguni, ban janye ba.

Ma'auni mai tsinke ba shi da tsada, bai kai kuɗin kek ɗaya cikin waɗanda muka zubar ba. Shi ma kada ka yarda da shi ido rufe. Cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, zuba ruwa kaɗan, juya, soka tsinken ka jira. Ya kamata ya nuna 0. In ya kauce fiye da digiri ɗaya, a saita shi ko a canza. Don kada mu riƙa huda kayan sayarwa, mun ajiye kwalbar ruwa a kowane firiji, a wurin da ya fi ɗumi, wato kusa da ƙofa daga sama, ita ake aunawa. Kayan kirim kuma a ɗauki guda ɗaya a soka. Littafinmu yanzu ya cika da 3 da 4 da 5, akwai ranar da aka rubuta 7, a gefe an rubuta abin da aka yi: an kwashe kaya zuwa ɗaya firijin, an kira mai gyara. Da jami'ar ta dawo, a kan wannan layin ta fi daɗewa, kuma shi ta yaba.

Akwai sauran abubuwan da ta rubuta mana, ƙanana ne a kan wancan amma suna da dalili. Tsumman goge tebur guda ɗaya da ke yawo daga wurin fasa ƙwai zuwa wurin yanka burodi. Sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ake fesawa a goge nan take, alhali sai an fara wanke maiƙo da sabulu, sannan a fesa a bar shi ya yi mintocin da aka rubuta a jikin kwalba. Giɓin da ke ƙarƙashin ƙofar baya, wanda ta tura fensir ya wuce, ta ce ɗan ɓera yana bi ta kafar da ba ta fi milimita 6 ba. Buhuna su tashi daga ƙasa da kamar santimita 15, su bar jikin bango yadda tocila da tsintsiya za su shiga. Ta kuma tambayi ɗaya daga cikin ma'aikata, ba ni ba, me zai yi in ya tashi da gudawa. Ya ce zai sha magani ya zo aiki. Ƙa'ida ita ce mai amai ko gudawa ba ya taɓa abinci sai ya yi awa 48 da warkewa. Na gane ba wanda zai faɗi gaskiya muddin ya san za a yanke masa kuɗin ranar, don haka na daina yankewa.

Wani abin da bai taɓa zuwa mini a rai ba: fulawa ɗanyen abu ce. Daga gona take, niƙa ba ya kashe komai. A 2016 an samu ɓarkewar cutar E. coli a Amurka da aka gano daga fulawa take, mutum 63 suka kamu. Mu kuwa teburin da ake barbaɗa fulawa yana dab da inda ake shafa wa kek kirim. Mun raba su.

Na lura mu masu gasa burodi muna da wata irin sakankancewa da tanderu. Komai yana shiga wuta mai digiri 200, sai mu ga ai mun tsira. Gaskiya ne ga burodi. Amma duk abin da ya faru bayan tanderu, hannun da ya ɗauka, injin yanka, kirim ɗin da aka ɗura, firijin da ya kwana a ciki, babu wata wuta a gaba da za ta gyara shi. Tsarin da masu duba abinci ke bi, HACCP, wanda ya samo asali a shekarun 1960 lokacin da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da kamfanin abinci na Pillsbury ke neman abincin da ba zai sa ƴan sama jannati ciwo ba, a kan wannan tunanin aka gina shi: nemo gaɓar da in ta kuɓuce babu mai tarewa, ka sa ma'auni a wurin. A gidan burodi mai sayar da kayan kirim, gaɓar nan ita ce sanyi. Mu mun ƙarar da ƙarfinmu a kan kankare tire, ita kuma ba mai aunawa.

Wani abokin sana'a ya ce mini an matsa mini ne kawai, shi shekara da shekaru yana yi ba wanda ya taɓa kawo ƙara. Ban yarda da wannan hujjar ba. Wanda ya kwana yana amai ba kasafai yake danganta shi da kek ɗin da ya ci da rana ba, in ma ya danganta, ba ya dawowa ya faɗa maka, daina zuwa kawai yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar gurɓataccen abinci duk shekara, 420,000 suna mutuwa, 125,000 daga cikinsu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Kek mai kirim kuwa, su wa suka fi cinsa in ba yara ba? Odar da na mayar da kuɗinta, ta taron yara ce. In na tuna wannan, ɓacin raina a kan asarar yana raguwa, amma na mai gyaran nan yana ƙaruwa.

Na sallame shi. Wanda ke zuwa yanzu ya san sharaɗina: sai ya cire murfi na ga kwandensa da idona, sai mun gwada robar ƙofa da takarda ta kowane gefe, kuma ragowar kuɗinsa sai washegari, bayan kwalbar ruwan ta kwana a ciki na auna ta da kaina.