Akwatin madubi da hannun da ya daina motsi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin gashi da motsa gaɓoɓi ga masu shanyewar ɓarin jiki, kuma a duk kayan aikin ƙaramar cibiyarmu babu wanda ake rainawa kamar akwatin madubi, alhali kuwa shi ne abin da na fi alfahari da shi. Da hannunmu muke haɗa kowane ɗaya.

Majinyaci yakan zauna a gaban tebur, mu tsayar da madubi daidai tsakiyar ƙirjinsa, fuskar madubin tana kallon lafiyayyen hannu, shanyayyen kuma yana ɓoye a baya. Idan ya buɗe yatsunsa ya dunƙule yana duban madubin, abin da idonsa yake kai wa ƙwaƙwalwa shi ne cewa hannun da ya daina motsi ya motsa, kuma maimaita wannan gani yana taimaka wa sassan ƙwaƙwalwa masu sarrafa hannun su sake kama aiki. Masanin ƙwaƙwalwa V. S. Ramachandran na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego a Amurka ne ya fito da dabarar a tsakiyar shekarun 1990, domin waɗanda aka yanke wa hannu amma suke ci gaba da jin ciwo a cikinsa. A 1999 shi da Eric Altschuler da abokan aikinsu suka wallafa gwajinta a kan masu shanyewar ɓarin jiki su tara, a 2018 kuma Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara bincike 62 da suka ƙunshi mutane kusan 2,000, ta ga cewa tana inganta motsi da ayyukan yau da kullum.

Ranar da na fara kafa madubin a gaban malamar da ta koya mini aiki, na ɗauka na gama komai. Ta tsaya ta dubi hannun dattijon da nake kula da shi, sannan ta ce, "Baba, a yi haƙuri a cire agogon nan." Da ya cire sai ta juyo gare ni ta ce hannun da ke ɓoye ba ya sanye da agogo, don haka ƙwaƙwalwa ba za ta karɓi wanda ke cikin madubi a matsayin nasa ba. Tun daga ranar nake cire zobe da awarwaro, in naɗe hannun riga daidai wa daida, in ajiye hannayen biyu a tazara guda da madubin.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ingancin madubin kansa. Masu kawo mana gilashi sukan cusa siriri mai lanƙwasa a cikin kaya, wanda yake miƙar da yatsu ko ya karkatar da wuyan hannu, kuma da zarar siffar ta gurɓace majinyaci ya daina yarda da abin da yake gani. Saboda haka kowane madubi sai na jingina masa takarda mai layuka na duba ko sun tafi sambal, sannan mu goge bakinsa don kada ya yanki fatar da ba ta jin ciwo, mu yanka shi da tsawon da zai rufe hannu har gwiwarsa. Masu kwaikwayonmu kuwa madubin roba suke mannawa a kwali, su yi wa iyalai alƙawarin cewa hannu zai tashi cikin mako guda, ba tare da sun koya wa kowa yadda ake zaman ba.

Mu ba ma yin wannan alƙawari. Zamanmu rabin awa ne, kwana biyar a mako, na tsawon mako huɗu kafin mu sake auna hannun, kuma madubi ba ya maye gurbin sauran motsa jiki. Wanda ganinsa ya raunana sosai ko ba ya iya tattara hankalinsa, wata hanyar muke nema masa, wanda ya ji jiri kuma mu dakata nan take.

A lokacin zama nakan sunkuya in riƙa leƙen bayan madubin, inda majinyaci ba ya gani. A can na ga babban yatsan wata baiwar Allah ya ɗan ɗaga daga kan tebur a mako na uku, ita kuwa idonta yana kan madubi, ba ta ma sani ba. Sai da ta kammala ƙirga goma na janye akwatin, na ce mata, "Mama, a sake yi, amma yanzu a dubi wannan hannun."