Godiya bayan ceto takardun Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, rumbun takardun ajami na marigayi mahaifinmu ya dawo aiki tun daren jiya, kuma duk wanda ya saba duba ƙasidu da wasiƙun Malam zai tarar da su yadda ya san su. Kun riga kun ji yadda faifan ajiyar injin kwamfutar da ke ɗauke da rumbun ya mutu cikin zafin Afrilu da yawan ɗaukewar wuta, tare da faifan da nake kwafa a kansa, saboda haka ba zan maimaita ba, gajiya ma ba za ta bar ni ba.

Mutane da dama sun ce mini tunda komai a cikin kwantenonin Docker yake, wato akwatunan cikin kwamfuta da ake keɓe wa kowace manhaja nata, babu abin damuwa. Sun yi gaskiya ta fuska ɗaya, domin kwantena uku ne, ta Nginx mai karɓar masu shigowa, ta manhajar bincike, da ta PostgreSQL mai riƙe bayanai, kuma fayil ɗaya na Compose, mai ɗauke da tsarinsu, ya isa a sake sauko da su a tayar da su. Sai dai kwantena kamar rumfar kasuwa take, in ta faɗi a kafa wata. Hotunan takardun da sharhin da na daɗe ina rubutawa suna cikin ma'ajiyar da Docker ke keɓewa a kan faifan, wadda ba a sauko da ita daga ko'ina, alhali wasu takardun na asali gara ta riga ta cinye su bayan an ɗauki hotonsu.

Wani ɗalibin kwamfuta na jami'ar nan ya roƙe ni kada in kama sunansa, amma mutanen Zango sun san wanda nake nufi. Shi ya kwana tare da ni yana kwashe abin da ke cikin faifan da manhajar ddrescue, wadda ke fara ɗaukar sassan da ke da lafiya kafin ta koma kan waɗanda suka lalace, faifan yana ta ƙara ƙas-ƙas, mun ɗora masa fanka. Tsakar dare wuta ta tafi. Jikina ya mutu, na yi ta maimaita innalillahi, domin na ɗauka an rasa komai, sai ya dafa hannuna ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, tana rubuta inda ta tsaya, daga nan za mu ci gaba." Ana cikin haka Hajiya maƙwabciyarmu, da ta ji motsinmu ta katanga, ta aiko jikanta da batirin solarta a kan amalanke, ita kuwa ta kwana cikin wannan zafi ba fanka. Da gari ya waye muka mayar da ma'ajiyar kan sabon faifai, PostgreSQL ta gyara kanta ta tashi, na ga rubutun hannun Malam a kan allo, hawaye suka zubo mini.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka ƙofofin ilmi da arziki, ya ba ka masu yi maka yadda ka yi mini. Hajiya, Allah ya sanyaya miki duniya da lahira. Uwargida da ta jure rashin barcina, da abokan da suka haɗa jikkunan da aka sayi faifai, Allah ya saka muku da mafificin alheri. Ƴan'uwan da ke Yamai da Kano, waɗanda takardun nan gadonsu ne kamar yadda suke nawa, na so a ce ko waya sun bugo, amma Allah ya san uzurin kowa.

Yanzu kowane dare ana fitar da kwafin bayanan zuwa wani injin da muka yi haya a wajen gari. In Allah ya yarda za a yi saukar Alƙur'ani domin Malam a gidanmu na Birni bayan sallar Juma'a, kuma ana gayyatar kowa.