Asabar: jaririn da aka yi wa mubaya'a sau uku

Yau Asabar ban fita ko'ina ba sai masallaci, kuma kusan dukan yinin ya ƙare ne a kan wata faffaɗar takarda da na shimfiɗa a tabarma tun bayan sallar asuba. Niyyata ita ce in zana salsalar gidan Sarauniya Isabela ta Kastil da mijinta Sarki Fadinand na Aragon, masarautu biyu da suka haɗu suka zama Sifaniya, domin ranar Litinin zan koya wa ɗalibaina yadda aka yi wani saurayi mai suna Karlos, haifaffen birnin Gent da ke Beljiyam ta yau, wanda ko harshen Sifaniya bai iya ba lokacin da ya sauka ƙasar a 1517, ya zama sarkinta. Na sha koyar da wannan darasi, kuma kullum nakan ja layi daga Isabela zuwa 'yarta Huwana, daga Huwana zuwa ɗanta Karlos, in wuce abina kamar dama can hanyar a miƙe take. Yau da na tsaya na rubuta shekarar haihuwa da ta mutuwa a ƙarƙashin kowane suna, sai na ga sarautar ba ta kai ga Karlos ba sai da ta tsallake kaburbura huɗu a cikin ƙasa da shekara uku.

Isabela da Fadinand sun yi aure a 1469, suka raini 'ya'ya biyar, amma namiji ɗaya ne tak a cikinsu, wato Huwan. Sun aurar masa da Magaret, 'yar Sarki Maksimiliyan na gidan Habsbag, suka kuma ba yayanta Filib ƙanwar Huwan ɗin, wato Huwana, ba don komai ba sai don su sa Faransa a tsakiya. Babu wanda ya ƙulla wannan auren musaya da nufin miƙa Sifaniya ga baƙi, tunda Huwana tana da yaya namiji, tana kuma da ya mace a gabanta. An yi bikin Huwan a watan Afrilu na 1497, a watan Oktoba ya rasu a Salamanka yana da shekara 19, ya bar amaryarsa da ciki, ita kuma ta haifi 'ya mace babu rai. Gado ya koma kan babbar yayar Huwan, mai sunan uwarsu Isabela, wadda ba ta daɗe da tarewa a gidan Sarki Manuwel na Fotugal ba. Majalisar Kastil ta karɓe ta, amma ta Aragon da ke zaune a Saragosa ta yi ta jan ƙafa, domin al'adarsu ba ta saba da mace a kan karaga ba. Ana cikin wannan ja-in-ja ne naƙuda ta kama ta, ta haifi ɗa namiji ranar 23 ga Agusta 1498, ta cika a ranar. Aka raɗa wa yaron suna Migel, aka ƙara masa laƙabin da ke nufin zaman lafiya. Aragon ta yi masa mubaya'a, Kastil ta yi, Fotugal ta yi, duk kafin ya cika shekara guda, kakarsa kuma ta ɗauki riƙonsa. A watan Yuli na 1500 ya rasu a Garnada, saura wata ɗaya ya cika shekara biyu. A lokacin Karlos yana jariri ɗan wata biyar.

Ina cikin rubuta wannan shekara ta ƙarshe autarmu ta shigo da kofin kokonta a hannu, ta zauna daram a gefen takardar, ta ɗora yatsanta a kan wani suna tana gwaranci. Tun makon jiya uwargida take maganar yaye ta, domin watanta ashirin da uku ke nan. Na dubi hannunta, na dubi sunan Migel, sai na ajiye alƙalamin na ɗan jima ban ɗauka ba. Na taɓa ganin hoton makwancin sarakunan nan a Garnada: akwatunan dalma ne guda biyar a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, huɗu manya na Isabela da Fadinand da Huwana da Filib, ɗaya kuma ƙarami a gefe. Tun da nake koyarwa ban taɓa ambaton mai ƙaramin akwatin nan a aji ba, abin kuma ya dame ni ƙwarai.

Bayan azahar Kawu ya zo duba mu kamar yadda ya saba duk Asabar. Ya tarar da ni a durƙushe a kan takarda, ya tambayi abin da nake yi, na ce masa ina lissafin yadda duniya za ta kasance ne da wani yaro bai mutu ba. Ya gyara zama ya ce, "Ɗan nan, ka kiyayi kalmar 'da'. An hore mu a kanta, kuma abin da Allah ya hukunta ba ya da makawa." Na ce, "Gaskiya ne, Kawu, ni ma ban yi jayayya da ƙaddara ba. Ba baƙin cikin abin da ya wuce nake yi ba. So nake in gane me ya rataya a kan me, don kada in koya wa yara cewa abin da ya faru shi kaɗai mutanen wancan zamani suke hange." Ya yi shiru, sa'an nan ya tambayi abin da ya fi ba shi mamaki, wato yadda za a ce ƙasa sukutum ta bi mace zuwa gidan miji kamar kayan ɗaki. Na bayyana masa cewa a yawancin masarautunmu masu zaɓen sarki ne ke duba 'ya'yan gidan maza su ɗauki ɗaya, ɗan mace kuwa ba ya neman karagar kakansa na wajen uwa, amma a Kastil idan babu namiji mace tana gado, ɗanta kuma yana gadonta ko da ubansa daga wace uwa duniya ya fito. Shi ya sa a can ɗaurin aure yakan yi aikin da runduna ba ta yi ba.

Daga nan muka shiga lissafin tare, shi yana kurɓar shayi ni ina rubutu da fensir. Da Migel ya rayu, da yana ɗan shekara shida zai gaji Kastil, tunda kakarsa ta rasu a 1504, kuma babu shakka da an kai ruwa rana tsakanin kakansa Fadinand da ubansa Manuwel a kan wanda zai yi riƙon ƙwarya. Da ya gaji Aragon a 1516 yana da shekara 17, ya gaji Fotugal a ƙarshen 1521 yana da 23. A wannan shekara ta 1521 ne mutanen Kastil suka ci babban birnin Aztek a Meksiko, alhali Fotugal tuni ta kafa sansani a Elmina tun 1482, ta kama Gowa a 1510 da Malaka a 1511, jiragenta kuma sun isa Burazil tun 1500. Layin da ƙasashen biyu suka shata a Todesiyas a 1494 don raba teku a tsakaninsu, da ya zama katanga ce kawai a cikin gida ɗaya. Manuwel kansa ya ɗauki abin da gaske, har a 1499 ya rubuta wa mutanensa takardar alkawari cewa idan ɗansa ya haɗa sarautun, muƙaman Fotugal za su ci gaba da zama a hannun 'yan Fotugal.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne nauyin da Migel ba zai ɗauka ba. Karlos ya zo Sifaniya da gadon ubansa a wuya, wato ƙasashen Holan da Filanda (yankin da aka haife shi), ya kuma ci bashi mai yawa a wurin attajiran gidan Fuga don a zaɓe shi sarkin sarakunan Jamus a 1519. Biranen Kastil sun ga ana kwasar harajinsu ana kai wa waje, ana kuma ba baƙi muƙamai, suka yi bore a 1520, aka murƙushe su a Biyalar a 1521. Daga nan dukiyar Kastil da azurfar Amurka suka yi ta kwarara zuwa yaƙe-yaƙen Jamus, daga baya kuma zuwa yaƙin Holan da ya ci shekara 80, daga 1568 zuwa 1648, har ta kai ɗan Karlos, Filib na biyu, ya kasa biyan bashi tun a 1557. Migel ba shi da ko taki ɗaya a Jamus ko Holan. Rigimar Italiya kam da ta bi shi, tunda Nafuli da Sisili gadon Aragon ne kuma Faransa ba ta daina kwaɗayin ƙasar ba, amma babbar rijiyar da ta shanye arzikin Sifaniya da ba a gonarsa aka haƙa ta ba.

Kawu ya ajiye kofi ya ce, "To, ƙarfin da bai tafi arewa ba, ina zai nufa?" Wannan tambaya ce ta sa na daina jin daɗin lissafin, domin amsarta a fili take: kudu zai nufa, ƙasar Magrib. Fotugal tana riƙe da Sabta tun 1415, da Tanja da Asila tun 1471, Kastil ta kama Malila a 1497 da Wahran a 1509, Isabela kuma a wasiyyarta ta roƙi magadanta kada su fasa yaƙin Afirka. Sarki guda mai jiragen Fotugal da dakarun Kastil, wanda babu Jamus da za ta ɗauke masa hankali, ba ƙaramin bala'i zai zama ga Fas da Tilimsan ba. Ban kuma ga wani sauƙi da rayuwar Migel za ta kawo wa Musulmin Andalus ba. Uwarsa ce ta gindaya wa Manuwel sharaɗin korar Yahudawa kafin ta yarda ta aure shi, dokar da ya fitar a ƙarshen 1496 kuwa ta haɗa har da Musulmi. A Garnadar da Migel ya rasu, 'yan watanni kafin mutuwarsa aka fara tilasta wa mutane barin addininsu har suka yi bore, a 1502 kuma aka ba Musulmin Kastil zaɓi tsakanin canza addini da barin ƙasa. A hannun waɗanda suka yi wannan ake rainonsa. Haka ma cinikin bayi: 'yan Fotugal ke da tashoshi a gaɓar Afirka, 'yan Kastil ke neman hannun aiki a Amurka, kuma lokacin da ƙasashen suka haɗu a zahiri, daga 1580 zuwa 1640, fataken Fotugal ne suka karɓi kwangilar kai bayi yankunan Sifaniya, cinikin ya ƙara haɓaka. Migel da ya gaggauta wannan ne da kusan shekara sittin.

Akwai wani zare guda da ya sa Kawu ya matso kusa da takardar. Bayan rasuwar uwar Migel, Manuwel ya auri ƙanwarta Mariya, ta haifa masa Juwan na uku, wanda jikansa Sebastiyan ne ya ɗebi runduna ya afka wa Maroko a 1578, ya mutu a yaƙin Wadil Mahazin bai bar magaji ba. Wannan yaƙi ne ya ɗora Ahmad Almansur a kan karagar Maroko da ɗimbin kuɗin fansar fursunoni, shi ne kuma ya turo kwamandansa Judar da 'yan bindiga suka karya Songai a Tondibi a 1591, har daga baya aka tasa ƙeyar Shehu Ahmad Baba daga Tambutu zuwa Marrakish. Da Migel na raye, Juwan ƙanen sarki ne kawai, Sebastiyan kuwa ba zai ga karaga ba. Kawu ya ce ashe da Songai ta tsira. Na ce masa ni ban kai nan ba, domin rigimar gishirin Tagaza ta girmi Almansur, 'ya'yan gidan Askiya kuma sun riga sun raunana kansu da yaƙin basasa a 1588. Iyaka dai, hanyar da bindigogin suka bi suka iso bakin kogin Kwara ta ratsa ta gefen ƙaramin akwatin nan.

Da la'asar ta yi sanyi na koma kan tambayar da ta fi dacewa da darasin, wato wa za a aura wa Migel. Kakansa Fadinand ya ƙare rayuwarsa yana neman abokan taron dangi a kan Faransa, gidan Habsbag kuma shi ne na farko a wannan lissafi. A cikin gidan akwai Eliyano, yayar Karlos, wadda aka haifa a watan Nuwamba na 1498, wata uku kacal bayan Migel, kuma 'yar ƙanwar uwarsa ce. A zahiri ma gidan Fotugal ta shiga, sai dai uban Migel ne ya aure ta a 1518. Ni a ganina ita ce za a fara kawowa, kuma idan aka yi haka, sa'an nan jikokin suka ci gaba da auren zumunci kamar yadda gidajen nan biyu suka yi ta yi a gaske, to ƙofar da mutuwar Migel ta buɗe wa Habsbag tana iya sake buɗuwa bayan tsara ɗaya ko biyu, ta hanyar wata mutuwar. Duk da haka na tsaya a kan cewa shekara arba'in ko hamsin na sarki ɗan ƙasa, a daidai lokacin da azurfar Potosi da ke Amurka ta Kudu ta fara zuwa bayan 1545, sun isa su sauya inda Sifaniya ta sa gaba.

Kawu ya tafi gab da magariba, na raka shi bakin titi. Da na dawo na tarar da koko ya ɗiga a kan takardar ya ɓata sunan Magaret, sai na ɗauko sabuwa bayan isha na sake zanawa daga farko. A wannan karon ban ja layin daga Isabela kai tsaye zuwa Huwana ba. Na bi da shi ta kan Huwan, da jaririyar da ba a raɗa wa suna ba, da Isabela ƙarama, da Migel, kowanne da shekarunsa, sa'an nan na sauko da shi kan Huwana da Karlos. Tsakanin Migel da Eliyano na ja wani siririn layi da fensir, na naɗe takardar na sa a jakar makaranta.