Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Yarinyar bencin baya

Assalamu alaikum jama'a. Wancan satin na tsaya a inda hedimasta ya ba ni aji uku bayan na dawo hutun haihuwa. Toh ranar Litinin ina kiran suna, na kira wata yarinya sau uku shiru, har na fara ɗaga murya sai yaran suka haɗa baki, Malama ai ba ta ji. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ashe sanƙarau ta yi tana ƙarama ya tafi da kunnen, maganar ma kaɗan kaɗan take fita. Ni kuma a karatun malanta na NCE ɗan kwas ɗin masu buƙata ta musamman haddace shi kawai muka yi muka zuba a jarabawa.

Da daddare na buɗe lesin not ɗina, sai na ga kaf abin da na tsara na baki ne, malama ta faɗa yara su maimaita. Kenan ita zaman dirshan kawai take yi daga safe har a tashi.

Ranar Asabar na nufi gidan wata yayar ƙawata da ke koyarwa a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a nan Kano. Na ce Yaya ki taimake ni. Ta yi dariya ta ce ƙanwata fara da daina yi wa allo magana, in kin juya baya kin kashe mata rediyo. Ita ta fahimtar da ni cewa maganar hannu da kuramenmu ke yi a gida da kasuwa daban take da ta makaranta, ta makarantar tushenta Amurka ne, wani Ba'amurke Andrew Foster, shi ma kurma, ya zo da ita ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Yarinyata ta gida ta iya, don haka da ta gida zan bi ta.

Na dawo na ja layi a gefen kowane darasi, me za ta gani, me za ta taɓa. Na dawo da ita bencin gaba, ni kuma na tsaya inda hasken taga ke bugun fuskata don ta karanci leɓena, na zaunar da maƙwabciyarsu kusa da ita tunda sun saba. Lissafin sau kuwa marfin lemo na sa yara suka tsinto, 3 sau 4 kashi uku kowanne marfi huɗu, kafin in juyo ta ɗaga yatsu goma ta ƙara biyu. Abin dariya wasu samarin baya da na ɗauka daƙiƙai ne su ma a ranar suka gane.

Sufabaiza da ya zo sai da ya yi ƙorafi wai na ɓata tsarin littafi da jan layi. Na ce to Malam, na ci gaba da abina.

Ranar Alhamis sai ga mahaifiyarta a ƙofar ofis, wai babanta ya ce zaman ya isa haka. Mu haɗu sati mai zuwa in Allah ya kai mu.