Mai taimako ne ya ɓatar min da ɗalibi

Duk wanda ya koya wa makaho tafiya da farar sanda a Kano ya san abubuwan da ake tsoro: lambatu marar murfi, adaidaita sahu da ke cin burki inda ya ga dama, masu kasa kaya a bakin titi. Waɗannan duk mun sha kansu ni da yarana. Dabarar ita ce sandar ta kai ƙirji a tsawo, ta taɓa hagu idan ƙafar dama ta yi gaba, kamar yadda Richard Hoover ya tsara a 1944 don sojojin Amurka da suka makance a yaƙi. Ƙarar injin niƙa alama ce ta hanya, haka ƙamshin ƙosai, amma shi da safe kawai.

Abin da ya kayar da mu tausayin mutane ne.

Ina da ɗalibi ɗan shekara 17, mai kaifin kunne, wanda ya haddace hanyar gida zuwa makaranta tsaf. Da ƙyar na shawo kan mahaifinsa ya bar shi ya fita ba ɗan jagora. A makon farko yana tsaye a bakin titi yana sauraren motoci, kamar yadda na koya masa, sai wani bawan Allah ya kama ƙarshen sandarsa ya ja shi. Bai tambaye shi ina za shi ba. Ya tsallaka da shi wani titin daban, ya danƙa masa naira 50 ta leda, ya ce Allah ya ba da lada, ya wuce. Yaron da aka raine shi a kan kada ya musa wa babba, bai iya cewa uffan ba.

Mai ido ba zai gane girman wannan ɓarna ba. Makaho yana tafiya ne da lissafi a kansa: kwana nawa ya sha, ta wane kunci rana ke dukansa. Ka juya shi sau biyu ka sake shi, ka goge lissafin gaba ɗaya. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa "bi can," yana nuni da hannu. Sai bayan la'asar aka same shi a zaune a gindin wani masallaci. Da na je gidan, mahaifinsa ya ce, "Malam, mun gode da ƙoƙarinka, amma ƙaninsa zai ci gaba da raka shi." Wato ƙanin ma ya koma yin fashin makaranta.

Har yau abin yana min ciwo, musamman naira 50 ɗin nan. Yaro sanye da kayan makaranta, ga jaka a baya, amma an ɗauka bara ya fito.

Yanzu kafin in fitar da ɗalibi titi, sai mun yi atisayen ƙin taimako cikin ladabi. Ni nake zama mai taimakon, in fizgi sandar ba zato, shi kuma ya kafe ƙafa ya ce, "Na gode Baba, a sakar min sandar." Idan yana son a tsallaka da shi, shi zai riƙe hannun mutum a saman gwiwar hannu, yana rabin taku a baya. Idan ya rikice, tambaya biyu ce: wane titi ne wannan, kuma ina gabas? Ba wanda bai san gabas ba a garin nan, sai dai a roƙe shi ya faɗa da baki.

Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta bai wa gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Madalla da ita. Ni dai nawa aikin ya koma bin masu shayi da 'yan adaidaita na unguwa ina roƙonsu su riƙa tambaya kafin su kama. Ɗalibin nan kuwa sai da zango guda ya wuce kafin mahaifinsa ya sake amincewa, shi ma da sharaɗin waya a aljihu.