Mashin ɗina mai injekta ya ƙi tashi, ga yadda muka bi shi

Mashin mai injekta, kunne ke fara aiki a kansa kafin sifana. In ka murɗa makulli, tun kafin ka taɓa sitata, akwai ɗan kuka da ke fitowa daga cikin tanki na sakan 2 zuwa 3, famfon mai ke nan yana tura fetur zuwa injekta, wato abin da ke fesa shi cikin inji. Nawa ya daina wannan kukan ne bayan ruwan da aka kwana ana yi a Aboabo ta Kumasi, duk mai zama kusa da rafin Pelele ya san yadda damina take mana. Sitata na juyawa lafiya lau, fitila na kamawa, amma inji ko tari bai yi ba.

Samarin layinmu kowa da tasa, wannan ya ce a tura, wancan ya ce a ja cok. To ina cok ɗin? Wannan aikin kafireta ne irin na Boxer da muka saba, shi kuwa wannan in famfo bai yi aiki ba ko har kasuwar Kejetia kuka tura shi ba zai tashi ba.

Na fara da ƙananan abubuwa, maɓallin nan ja na hannun dama mai kashe inji, ƙafar jingina, giya a firi. Mashin bai faɗi ba balle in zargi sensan da ke yanke wuta in ya kife. Na ɗora mita a batir ta nuna volt 12.5, na danna sitata bai sauka ƙasa da 10 ba, kuma wannan gwajin kada wanda ya tsallake shi don batir mai rauni yana iya juya inji amma ƙwaƙwalwar mashin ba ta samun wutar da za ta ishe ta. Fiyus kuma da mita na gwada su ɗaya bayan ɗaya, ido yana ruɗi. Sai na kwance fulogi, na same shi a bushe ƙayau ko warin fetur babu, na jingina shi jikin inji ya ba da wuta shuɗiya. Ke nan wuta na zuwa, mai ne ba ya isowa. Fitilar FI mai nuna matsalar injekta ma ba ta ƙifta ko sau ɗaya ba, ba kowace matsala take faɗa ba.

Nan ilimina ya tsaya, muka ɗora shi a aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, sai Suame Magazine, unguwar makanikai, wajen wani dattijo mai aikin waya. Na ce Masta ina jin famfo ne ya mutu, ya ce ɗana bari mu tambaye shi tukuna. Ya jawo waya biyu daga batir kai tsaye zuwa famfon, nan take ya yi kuka. Wallahi na ji sanyi a raina, don kuɗin sabon famfo ba wasa ba ne. Rile, abin da ke sakar wa famfo wuta, na yin ƙas in an murɗa makulli, sai ya bi wayar a hankali har soket ɗin da ke ƙarƙashin tanki, yana zare shi ruwa ya ɗigo, ƙarafan ciki sun yi kore shar, ɗaya har ya fara cinyewa. Ya kankare da ɗan buroshi, ya fesa maganin wanke soket, ya matse bakin, ya shafa giris ɗin waya. Dannawa ɗaya ya tashi.

Tunda an buɗe ya ciro rariyar famfon, baƙa ƙirin da laka, muka canza. Kafin ya cire tiyon mai sai da ya nannaɗe shi da tsumma, don fetur ɗin ciki a matse yake, yana iya fesowa a ido. Shi ya gaya min fetur ne ke sanyaya famfo, masu yawo da tanki a bushe su ke kashe shi da wuri.

Yanzu a wurin wanki ba na barin yara su saita ruwa mai ƙarfi ƙarƙashin tanki, fiyus na ajiya yana ƙarƙashin sit, in mai ya sauka ƙasa da kwata kuma sai na tsaya na ƙara ko na sidi 20 ne.